Katin Hassan da Fuskar Hussaini

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke kula da rajistar masu zaɓe a wannan yanki namu na gabashin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya kuma haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara taimako.

Ranka ya daɗe, sunana Gambo Umaru. Manomin albasa ne ni a wata tunga ta bakin gulbin Rima, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Duk wanda ya ji sunana ya san tagwaye nake bi, kuma maganarsu ce ta sa na ɗauki biro. Yayyena ne, Hassan da Hussaini, dukansu masunta. Hassan ya riga mu gidan gaskiya a daminar da ta wuce. Hussaini yana nan da ransa da lafiyarsa, amma a rajistarku abin a juye yake: mamacin yana ciki, mai ran babu shi. Wannan nake roƙo a gyara kafin a rufe rajistar da aka buɗe yanzu. Na rubuta a fili ne saboda ba mu kaɗai ke kamun kifi a gulbin nan ba, ba kuma gidanmu kaɗai ake haihuwar tagwaye ba.

Na ɗaya. Zan fara da yabo, don yabon gwani ya zama dole, kuma ba na son a ɗauke ni cikin masu zagin aikinku a wurin mai shayi.

Ni na ga zaɓen da. Na ga mutum ya dangwala, ya zagaya bayan masallaci ya goge tawada da kananzir, ya canza hula ya dawo layi. Na ga an kira sunan kakanmu a rumfar zaɓe alhali kabarinsa har ya shafe, wani kuma ya amsa. Muna dariya a lokacin, amma dariyar takaici ce, don kowa ya san ƙuri'arsa ba ta da nauyi.

Sai ga shekarar da kuka turo mana wata ma'aikaciyarku, Malama Rabi, ta yi mana rajista har gida. Damina ce, ruwa ya yanke hanya, ko kabu-kabu ba ya shigowa. A kwalekwale ta zo, na'urarta naɗe da leda cikin daro, ita kuma ta ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu tana ta salati, don da gani ba 'yar bakin ruwa ba ce. Hassan ne ma ya tuƙo ta. Ta kafa teburinta a gindin tsamiyar fada, ta ware layin mata daban, ta sa aka ɗaura zane tsakanin itace biyu don matan aure su ɗauki hoto a sake. Tsofaffi ta fara sallama. Kowa ta tambaye shi sunansa da na mahaifinsa da shekarunsa, ta ɗauki hotonsa, ta ɗauki yatsunsa goma, ta ba shi 'yar takardar shaida, ta kuma gaya masa da baki cewa kati na zuwa daga baya kuma shi da kansa zai je ya karɓa, ba a aike. Inna Ige, wadda ba ta san shekarunta ba sai dai ta ce tana goye da ɗan fari aka fara ginin madatsa, Malama ta zauna da ita suka lissafa har suka cim ma matsaya, ba tsawa ba harara. Da za ta tafi muka haɗa mata bandar kifi, ta yi godiya ta ce a kai wa Inna Ige. Har yau in aka ambaci sunanta a tungarmu sai an bi da albarka.

Ranar zaɓe ma na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Ka miƙa kati, na'ura ta duba yatsanka, in ya ƙi ta duba fuskarka, a nemo sunanka a yi masa alama, a shafa maka tawada a gindin farce, a ba ka takarda mai hatimi ka shiga 'yar rumfa kai kaɗai. Wani mai hali na yankinmu ya zo da babbar riga ba kati, ya ce ai kowa ya san shi. Yaron da ke riƙe da na'urar, ɗan bautar ƙasa ne da Hausarsa ba ta nuna ba, ya rusuna ya gaishe shi, ya kuma ce a'a. Da yamma aka zazzage akwati a gabanmu, ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya muna ƙirgawa da baki kamar 'yan makarantar allo, aka rubuta sakamako aka liƙa a bango. Wanda na zaɓa bai ci a rumfarmu ba, amma na koma gida da farin ciki, don da idona na ga an kayar da shi.

Na biyu. Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yayyen nan nawa, in suka ba ka baya, ko ni ba na rabe su. In suka juyo ma sai ka daɗe da su. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ɗinka wa ɗaya riga ta bar ɗaya ba, don tana tsoron fushin tagwaye kada kunama ta kwana a shimfiɗarta, su kuma suka girma a haka, har furfura ta fito musu suna sayen yadi ɗaya da hula iri ɗaya. Abin da ya fi wannan, tun suna yara suke ɗaukar wa juna kaya. Hassan ya sha bulalar malam a madadin Hussaini. Da aka zo allurar rigakafi Hussaini ya karɓi biyu, tasa da ta ɗan'uwansa mai tsoron allura. A wurinsu wannan ba yaudara ba ce, zumunci ne, kuma duk tunga an saba ana yi musu dariya. An ce Gambo ne maganin tagwaye, amma ni dai ban taɓa iya hana su komai ba.

A jirgi kuwa aikinsu a rabe yake. Hassan ke tuƙi, shi ke kai kifi kasuwa. Hussaini ke jan taru da igiyar mamari mai jerin ƙugiyoyi, hannunsa kullum cikin ruwa. Shekara da shekaru igiya na cin fatar har zanen yatsunsa ya shafe, suka yi sumul kamar bayan cokali.

Ranar rajista Hassan ya wuce lafiya. Da aka zo kan Hussaini aka ɗauki hoto, aka rubuta suna, amma na'ura ta ƙi karɓar yatsa ko ɗaya. Malama Rabi ta gwada, ta goge gilashin, ta sake gwadawa. Rana ta take, mata da goyo suna jira, layi ya fara gunaguni. Sai ta ce masa ya je ya wanke hannu, ya shanya, ya ɗan shafa yatsun a goshi ya dawo. Ya zagaya bayan tsamiya inda randa take. A nan Hassan ya same shi ya ce, "Zamna nan ka huta, in tai in ƙare maka. Hannuna da naka duk ɗaya na, uwa guda tah haihe su." Wanda ya dawo gaban tebur Hassan ne, riga ɗaya, hula ɗaya, fuska ɗaya. Na'ura ta karɓi yatsu goma nan take, Malama ta yi hamdala, layi ya motsa. Ni na yi tawa tun da sassafe na wuce fadama, sai da yamma na tarar ana ba da labari ana ƙyaƙyatawa.

Ranka ya daɗe, Malama Rabi ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra. Uwar da ta haife su ma ta sha ba ɗaya fura sau biyu.

Da katuna suka fito, na Hassan ya zo, na Hussaini shiru. Daga baya muka fahimci dalili: can inda ake tace rajista, na'ura ta ga yatsu iri ɗaya a ƙarƙashin suna biyu, fuska ɗaya, uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ta yanke cewa mutum ɗaya ne ya yi rajista sau biyu, ta soke ta biyun. Na yi fushi da farko, amma da na zauna na auna sai na sara mata. Abin da malaminsu na allo bai gano ba, da mai allura, da surukansu, ita ta gano. In haka take kama masu canza hula a bayan masallaci, Allah ya ƙara mata ido.

Ranar zaɓe Hassan ya ce ba ya zuwa in ba da ɗan'uwansa ba. Hussaini ya tasa shi gaba har bakin layi yana cewa, "Tahi ka dangwala. In kaƙ ƙi, mun yi hasara biyu." Shi kuma ya koma gindin bango ya zauna yana kallo. A iya sanina wannan ne karo na farko da ɗayansu ya yi wani abu na mutane ɗayan yana gefe, kuma na ga yadda abin ya taɓa su duka biyun.

Na uku. Ga koke-kokena, kuma ina faɗarsu ne da sanin cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuka na farko, ba wanda ya sanar da Hussaini an soke shi. An ce an liƙa sunaye a bangon makarantar mazaɓa don kowa ya duba ya yi ƙorafi, kuma na yarda an liƙa. Amma makarantar tana ƙetaren gulbi, sunayen da boko aka rubuta su, kuma kafin labari ya iso tungarmu an riga an ciccire. Wanda ya iya shigowa da kwalekwale ya ɗauki sunayenmu, ai zai iya aiko wanda zai karanta mana su da baki a ƙofar masallaci.

Kuka na biyu, mun yi ta sintiri zuwa ofishinku tun bayan wancan zaɓe, ni da su biyun. Ba zan lissafa wahalar hanya ba. Amsa ɗaya muke samu: wannan ba a nan ake gyara shi ba, sai daga sama. Mun tambayi ina ne saman, ba wanda ya nuna mana ƙofarsa. Akwai ranar da na tsayar da su biyu a gaban tebur, kafaɗa da kafaɗa, na ce a duba, mutum biyu ne ko ɗaya? Duk ofishin aka taso ana kallo ana mamaki, har da masu ɗaukar hoto da waya. Aka yarda mutum biyu ne. Aka kuma ce mu dawo wani lokaci.

Kuka na uku shi ya fi yi mini ciwo. A wani zuwan, wani ma'aikaci da ba zan kama sunansa ba ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce wa Hussaini shi mai rajista biyu ne, kuma in ya sake dawowa zai iya kwana a hannun hukuma. Dattijo ne mai jikoki, wanda bai taɓa taka ƙofar alƙali ba ko a matsayin shaida. Ya sunkuyar da kai ya fita, kuma ya daɗe bai sake yarda an ambaci ofishin a gabansa ba. Na san doka ta hana rajista biyu, kuma doka ce mai kyau. Amma ya kamata a iya rabe ɓarawon ƙuri'a da masuncin da ɗan'uwansa ya ara masa hannu don layi ya motsa.

Na huɗu. Abin da ya faru bayan rasuwar Hassan, wanda shi ne ainihin dalilin wannan takarda.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a tsakiyar damina, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ba zan iya kwatanta maka halin da Hussaini ya shiga ba. Mu da muka zo gaisuwa ma sai mu ɗaga ido mu ga fuskar mamacin zaune a kan tabarma tana amsa ta'aziyya. Da aka zo haɗa kayansa aka sami katin zaɓensa a aljihun rigar Juma'a, cikin leda, aka miƙa wa Hussaini ya adana.

Ba a jima ba masu farautar ƙuri'a suka ji ƙanshi. Wani yaron 'yan siyasa, ɗan tungar da ke gaba da mu, ya zo har zaure ina zaune. Bayan ya yi ta'aziyya ya matso ya rage murya ya ce, "Baba Hussaini, mi kaka jira? Ga kati, ga huska. In yatsa yaƙ ƙi, huska za a duba, kuma na'ura ba ta san an yi mutuwa ba." Maganarsa kuwa a kan hanya take, don inda na'urarku ta fi ƙarfi nan ne kuma rauninta yake. Da Hussaini zai tsaya gabanta da katin Hassan, da hannu biyu za ta karɓe shi, ba kuma wanda zai tona a tungarmu.

Hussaini ya dube shi ya ce, "Ita ba ta sani ba, ni na sani. Ni niw wanke shi, ni nis sa shi ƙasa. In tashi gaban mutane in ce ni na shi? Sau ɗai munka yi wagga dabara ga hukuma, ga inda tak kai mu. Tashi ka ba ni wuri." Yaron ya tashi yana sosa ƙeya. Ni kuwa, Ranka ya daɗe, ban taɓa jin girman yayana a raina kamar ranar ba. Mutumin da aka kira mai laifi a ofishinku shi ne ya tsare muku rajista a zauren da ba ɗan sanda ba wakili.

Da aka sake buɗe rajista, shi da kansa ya ce in raka shi. Allah ya sa muka tarar da Malama Rabi an dawo da ita ofishin. Ta gane shi, ko in ce ta gane fuskar, ta tambaye shi ina ɗan'uwansa mai tuƙi. Da ta ji, ta ajiye biro ta yi masa ta'aziyya kamar 'yarsa. Ya ba ta labarin bayan tsamiya bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta rubuta bayaninsa ta ce za ta tura gaba, amma ta gaya mana gaskiya cewa buɗe rajistar da aka soke ya fi ƙarfin teburinta, sai da sa hannunka. Ta sake gwada yatsunsa, suka ƙi kamar da. Sai ta ce, "Baba, ko izini ya zo, in yatsun nan ba su kama ba fuskarka za ta sake kai mu ga marigayi. Amma fata tana tsirowa. In ka huta da ruwa da igiya na ɗan lokaci, zanen zai dawo."

Tun ranar Hussaini bai sake taɓa taru ba. Ka san kuma wane lokaci muke ciki: ruwa na janyewa, kifi ya taru a gurabe, yanzu ne masunci ke haɗa abin da zai ci har wata damina. Jiragen tunga suna fita da asuba suna dawowa a nutse da tarwaɗa, nasa yana kife a kan yashi. Gida biyu ke kansa yanzu, nasa da na marayun Hassan. Ina taimakawa da abin da fadama ta bayar, amma albasa ba ta isa cira ba tukuna. Ko alwala zai yi, da ya gama sai ya tsane hannun ya shafa man kaɗanya. Matarsa tana yi masa tsiya wai ya zama amarya. Kullum da hantsi sai ya fito bakin gulbi ya ɗaga babban yatsansa a rana yana dubawa, kuma shekaranjiya ya kira ni ya nuna mini. Zanen ya fara fitowa, siriri, amma ana ganinsa.

Don haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona.

A karɓi katin Hassan Umaru daga hannun ɗan'uwansa, a cire sunansa cikin masu zaɓe, don ya gama da zaɓen duniya. Hussaini ya san da zarar an yi haka cikin su biyun ba wanda ke da suna a rajista, kuma ya yarda.

A ba da izini a yi wa Hussaini Umaru rajista da fuskarsa da yatsunsa na kansa, ba tare da an tsorata shi da kamu ba. Mai unguwarmu da limaminmu a shirye suke su zo su yi shaida.

A sanya wata ƙofa sananniya a kowane ofishi inda wanda aka soke bisa kuskure zai kai kukansa a saurare shi, a kuma riƙa yi wa masunta da masu aikin fadama gargaɗi tun kafin ranar rajista su hutar da hannuwansu. A gaya wa tagwaye kuma, da babbar murya, cewa wannan kaya ne da ba a ɗaukar wa ɗan'uwa.

A yaba wa Malama Rabi a rubuce, yadda zai amfane ta a wurin aiki.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Ba zan iya ce maka Hussaini zai daɗe a tudu ba, don yara ba sa cin haƙuri. Ranar da tukunya ta gaza, dole ya tura jirgi ya kama igiya, kuma abin da ya tsiro a yatsun nan ba zai kai mako ba zai tafi. Ya ce in gaya maka ba alfarma yake nema ba, ba kuma ya tambayar kowa wa zai zaɓa. So yake, sau ɗaya kafin ya bi ɗan'uwansa, a kira sunansa shi kaɗai a rumfar zaɓe ya amsa.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga masu son karkatar da kai, ya sa ka gama aikin nan da mutuncinka. Allah ya saka wa ma'aikatanka na gari da alheri, ya shiryi masu gajen haƙuri a cikinsu. Allah ya ji ƙan Hassan da dukkan magabatanmu. Allah kuma ya sa amsarka ta riga yunwa isowa tungarmu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Gambo Umaru,
daga bakin gulbin Rima.